Waƙar da Na Rantse a Mafarki Aka Ba Ni

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya a ƙofar gidan biki a Guri, makirfo a hannu, na rantse wa jama'a cewa a mafarki aka ba ni waƙa. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Haɗejia, amma a zuciyata ni mawaƙi ne wanda duniya ba ta farga da shi ba tukuna. Da an tashi makaranta sai in gangara bakin kogi, in jingina da gindin wata tsamiya, in yi ta kallon kwale-kwale da tsuntsayen da ke wucewa wajen dausayin Baturiya jeri-jeri. Wata rana iska ta yi daɗi, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Can tsakanin barci da ido biyu na ji wata murya siririya tana rerawa, kamar daga cikin ruwan take fitowa:

"Ruwa ya janye, fadama ta bushe,
Tsuntsaye sun koma gida, saura kai."

Na farka tsigar jikina na tashi. Na ce shi ke nan, baiwa ta sauko. Akwai wani gurbi a amshin da na ji suna ne ya kamata ya zauna, amma sunan bai biyo ni daga mafarkin ba. Sai na mayar da "kai" ya koma "ke", na cusa sunan Zulai, wata yarinya da ta tafi karatu Dutse ta daina ɗaga wayata. (Kada ku tambaye ni labarinta, 'ya'yanta huɗu yanzu, kuma ba nawa ba ne.)

Na haɗa da wasu waƙoƙi biyar, na shiga situdiyo, aka yi kiɗa. Sauran a buga albam. Na riga na gaya wa duk wanda na sani, har da mai shayin unguwarmu, cewa faifaina na nan fitowa kafin salla.

Mai buga faifai a garin nan a lokacin wani dattijo ne, Malam Sabo, mutum mai tsantseni har ya so ya yi yawa. Maimakon ya karɓa ya yi aikinsa, sai ya miƙo mini takarda.

"Malam, cike wannan. Kowace waƙa ka rubuta wanda ya ƙirƙire ta da wanda ya yi kiɗan. In akwai ta wani a ciki, ko baiti ɗaya ne, sai ka kawo mini izininsa a rubuce. Haƙƙin mallaka ba wasa ba ne, ni za a fara kamawa."

Na ce, "Haba Baba, duk nawa ne."

Ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta Zulai sai ya ɗago kai. "Wannan fa? Ta fi ka shekaru, in kunnena bai yaudare ni ba."

Wallahi na ji haushi. Na ce a mafarki na same ta.

"To," in ji shi. "Ai danginka masunta ne. Ka taɓa ganin an jefa taru a tabkin wani ba a gaya wa mai shi ba?"

Na ja takardar na rubuta sunana sau shida da manyan baƙaƙe, na sa hannu har biro ya kusa huda ta. Ya buga mini faifai ɗaya na gwaji, ya ce in je in saurara, in na tabbatar in dawo ranar Litinin a buga sauran.

Ranar Asabar ake bikin 'yar kawuna a Guri. Na ce ga wurin gwaji ya samu. Na ɗinka sabuwar shadda, na sa baƙin tabarau duk da rana ta yi sanyi. Bayan la'asar mata suka cika ƙofar gida, tsofaffi a kan tabarmi, na karɓi makirfo na yi jawabi mai tsawo a kan yadda ilhama take zuwa wa zaɓaɓɓun mutane. Na ce, "Wannan waƙa babu kunnen da ya taɓa jin ta. A mafarki aka ba ni, na rantse."

Aka saka faifai. Baitin farko bai ƙare ba na ji mata sun ɗauki amshi. Na ce a raina, kai, ka ga waƙa mai shiga rai! Sai na lura ba Zulai suke cewa ba, Modu suke cewa. Faifai ya ƙare, su ba su ƙare ba. Suka zarce da baitoci uku da ban taɓa sani ba, suna tafi, wata na buɗa, wata na kira, "Iya Fanta, taso ga waƙarki a injin!"

Iya Fanta ƙanwar kakata ce, mai bandar kifi, ta tsufa har ta ranƙwafa. Ta dogara sanda ta taho, ta tsaya gabana, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Maigidana," ta ce, irin wasan kaka da jika, "ashe ɓarawo na goya? Cire gilashin nan in ga idonka. Wace ce kuma Zulai, kishiya ka yi mini a cikin waƙata?"

Wuri ya kece da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Makirfo kuwa na manta yana kunne, don haka duk garin ya ji ni ina cewa, "Iya, wallahi mafarki ne."

Mahaifiyata ce ta ja ni gefe ta warware mini. Da aka tashi yaye ni, wurin Iya Fanta aka kawo ni, kamar yadda ake kai yaro gidan kaka ya manta nono. Wata biyu ina bayanta ina tsala kuka, ita kuma tana jijjiga ni da wannan waƙa a bakin murhun banda. Ita ta yi ta, shekarar da mijinta Modu ya tafi kamun kifi Tafkin Chadi ya ce zai dawo kafin ruwa ya janye. Har yau babu shi babu labarinsa.

Washegari na same ta a ɗaki da takarda a hannu, na durƙusa, na bayyana mata cewa ba za a buga albam ba sai da izininta. Ta dube ni tana murza carbi, ta ce:

"Wannan faifan naka, yana kaiwa har bakin Chadi?"

Na ce direbobi na saye, ko'ina yana zuwa.

"To na ba ka. Amma ka cire yarinyar nan ka mayar mini da Modu. Ka rubuta Fanta ta Guri a jiki, yadda mai karatu zai gani. Wa ya sani ko wani a can ya san inda aka binne shi."

Ta dangwala yatsa a takardar. Ni kuwa na kasa ɗago kai, hawaye ne fal idona.

Ranar Litinin na ajiye wa Malam Sabo takardar. Ya dubi dangwalen, ya dube ni, sai ya ce, "An samo mai tabkin ke nan?"

Na sake rera waƙar, albam ya fito bayan salla da sunanta a saman nawa, kuma waƙar tata kaɗai mutane ke nema a ciki. Har yanzu ina zuwa gindin tsamiyar nan, ina kuma yin mafarki. Sai dai duk waƙar da ta zo mini a barci, kafin in rantse wa kowa, sai na fara hawa mota na je Guri na tambaya ko tana da mai ita.