Ranar da Koci Tasi'u Ya Ajiye Khalilu a Benci

Duk ƙasar Minjibir babu wanda Allah ya buɗa wa ilimin ƙwallo kamar maƙwabcinmu Tasi'u. Shi da bakinsa ya faɗa, mu kuwa wa ya isa ya ƙaryata mai usur a wuya? Bai taɓa buga ƙwallo ba, saboda gwiwa. Amma ya taɓa shiga babban filin wasa a Kano, har ya zauna kusa da mai ɗaukar wa 'yan wasa ruwa. Tun ranar ba ya amsa Tasi'u sai an sa Koci a gaba. Yara suna ce masa Na-Turai, shi a zatonsa girmamawa ce.

Da fetur ya gagari janareta, gidan kallo ya rufe, sai gari ya koma kan ƙungiyar ƙauye da Koci yake horarwa. Ga shi wasa bayan wasa an kasa jefa ko ɗaya a raga. A teburin mai shayi, inda yanzu ake karɓa-karɓa da kofi guda, aka rabu biyu. Wasu suka ce Khalilu mai lamba tara ya lalace. Wasu suka ce ba a kai masa ƙwallo, to iska zai buga? Koci ya jira aka yi tsit, ya gyara wuyan rigar sanyin da yake sawa ko ana tsakiyar bazara.

"Ku manoma ne, ba za ku gane ba. Yaron nan yawo ya yi masa yawa. In ajiye shi nan, in hango shi can. Ni a tsarina, ɗan gaba inda na dasa shi nan yake tsayawa. Ranar wasa da 'yan Bagwai, benci zai ɗumama."

Mai shayi ya tuna masa a hankali cewa filin wasan nan ai gonar Baba Umara ce, uban Khalilu. A nan kuwa daga bakin katanga sai kunyar gona, babu wani fili ko na shanyar barkono. Tsohon yana ba da aron gonar duk rani ne kawai don ya zauna gindin ɗorawa ya ga ɗansa yana gudu.

"Wannan ita ce matsalar Afirka," in ji Koci. "Ni ba na duba uban kowa. A Turai mai fili daban, koci daban."

Don ma kada a ce tsoro ya ji, ya taka har ƙofar gidan Baba Umara, ya tsuguna, ya zana masa tsarin duka a ƙasa da tsinke. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Koci, Allah ya ƙara basira." Na-Turai ya dawo yana baza kafaɗa, wai dattijo ya gamsu, har addu'a ya yi masa.

Ranar wasa 'yan Bagwai suka iso a bayan akori-kura, da kalangu da komai. Koci ya shige gaba da takalmin aro, yana tafiya kamar zai buɗe asibiti. Da aka zo bakin fili sai kalangu ya mutu.

Tun da sassafe jakuna ke jigila da mangala. Daga wannan raga zuwa waccan, taki ne tsibi-tsibi, na awaki da na bola, yana tashin wari. Mai kora jakunan kuwa Khalilu ne, sanye da lamba tararsa.

"Sannunku da zuwa," in ji Baba Umara daga gindin ɗorawa. "Bana takin zamani ya fi ƙarfina, gara in zuba na gida da wuri. Tunda an ce yaron ba shi da aiki yau."

Koci ya cika kumatu ya busa usur. Wani jaki ya amsa masa.

Amma a yi wa bawan Allah adalci, burinsa ya cika. Ga tsibin taki nan reras a madadin 'yan gaba, kowa inda aka dasa shi. Har ruwan shuka ya sauka babu wanda ya motsa.