Tayoyin Kwamanda

Yabon gwani ya zama dole, kuma a layinmu in ana maganar gwanin taya, to Kwamanda ake nufi. Allah ya ba kowa baiwarsa. Wani ya san magani, wani ya san shari'a, shi kuwa Kwamanda ya san taya tun daga haƙoranta har bakin bawul. Haka dai ya gaya mana, kuma ba mu taɓa jin ya ƙaryata kansa ba.

Kada sunan ya ruɗe ku, bai taɓa sa kaki ba. Mai kula da sito ne a wani ofis har ya yi ritaya. Ranar da aka yi gwanjon tsofaffin motocin ofishin ya dawo gida da wata jif mai shiga daji, wadda ta girmi babban ɗansa, ya raɗa mata suna Ɓauna. Mai facin bakin titi ne ya fara ce masa Kwamanda, don ya lura in ya faɗi haka mutumin yakan ƙara tsayi. Sunan ya bi shi har gida, shi kuma bai kore shi ba.

Wajen zaɓen taya, Kwamanda ba ya bin abin da aka rubuta a jikin ƙofar mota. Ya ce wannan na 'yan koyo ne. Shi da ido yake zaɓe. Zai shiga layin masu tayoyin hannu ya goya hannuwa a baya, yana wucewa a hankali kamar mai duba fareti, har ya hango wadda ta fi kowace gatsa haƙora. Da haka ya tara wa Ɓauna ƙafafu huɗu, babu wadda ta haɗa uwa da wata. Ta gaban dama ta fi sauran tsawo, shi ya sa in motar na tsaye sai ka ga ta karkace. Wani tela a layinmu ya taɓa tambayarsa ko lafiya.

“Tsayuwar zaki ke nan,” in ji Kwamanda. “Ku da kuka saba da ƙananan motoci ba za ku gane ba. Taya ba girma ɗaya ake nema ba, kwarjini ake nema. In daji ya hango wannan ta gaban, da kansa yake ba da hanya.”

Dajin dai bai samu damar hangowa ba, domin tun da Ɓauna ta shigo hannun Kwamanda ba ta sauka daga kwalta ba. In ruwa ya kwanta a bakin layi, sai ya zagaya ta bayan makaranta, kada taɓo ya taɓa masa taya. Kullum da safe zai fito da bokiti da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ya bi tsagin kowace taya ya goge, sannan ya shafa mata baƙin man takalmi har ta yi ƙyalli. Gefen da ya tsattsage kuwa ya sa an juya shi ciki, inda ido ba ya kaiwa. A wurinsa gyara ke nan, kuma ya gamsu. Ta bayan hagu ta sha faci har mai faci ya rasa inda zai manna sabo, amma Kwamanda ya ce waɗannan lambobin yabo ne, tsohon soja ba ya ɓoye tabonsa.

Babban iliminsa, wanda ya fi alfahari da shi, shi ne na iska. A koyarwarsa taya ba ta cika ba sai an ƙwanƙwasa ta da sifana ta yi ƙara kamar tukunyar ƙarfe. Ba ya yarda da gejin awon iska, ya ce kunnensa ya fi shi gaskiya. Mai faci ya taɓa buɗe baki zai ce wani abu, Kwamanda ya dube shi ta saman tabarau, sai ya haɗiye ya ce yadda ranka ya daɗe ya ce haka za a yi. Tun daga ranar, in ya jona wa Ɓauna injin iska, yakan tuna yana da abin ɗauka a bayan bishiya.

“Laushi shi ne ya kashe mutanen yanzu,” Kwamanda kan gaya wa duk wanda tsautsayi ya tsayar a wurin. “Taya mai laushi, mutum mai laushi, duk tafiyarsu ɗaya. Ni a gidana babu abin da ke lotsawa.”

A gidan nasa akwai matarsa, wadda muke kira Maman Kaji. Ita ba ta da laƙabin soja, sai kaji masu ƙwai a bayan gida da haƙuri mai yawa. Da kajin nan ake cefane, har da sabulun wanke tayoyi, amma wannan ba ya cikin jawaban Kwamanda. Ta daɗe tana neman mai sayen ƙwai da yawa a kai a kai, sai Allah ya kawo. Akwai sansanin ma'aikata da ke gina madatsar ruwa can bayan gari, kuma shugabar kicin ɗinsu ta aiko wa Maman Kaji ta kai ƙwai na gwaji kafin a ɗora abincin rana. In sun yi, ita za ta riƙa kai musu kowane mako har a gama aikin. In ba su yi ba, akwai wani mai gona da ke jira a layi.

Maman Kaji ta tara ƙwai, ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kiret. Ta kuma yi magana da wani direba mai ƙaramar motar kaya da ya saba bin hanyar. Kuskurenta ɗaya, ta yi wayar a tsakar gida. Kwamanda ya fito daga ɗaki ransa a ɓace, ya tambaya ko mutuwa ya yi ba a gaya masa ba. Da Ɓauna a ƙofar gida za a ɗauko wani gwangwani ya kai kayan iyalinsa daji? Me mutanen layi za su ce? Ya karɓi wayar ya sallami direban da kansa, har da yi masa nasiha a kan taya kyauta.

Washegari ya fito cikin shigar da ya daɗe yana tanadi: malafa, farin wando, takalmi sau-ciki mai tsawo, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Kafin su kama hanya ya biya wurin mai faci ya sa aka ƙara iska, wai saboda nauyin kaya. Mai faci ya jona, ya tafi bayan bishiya, bai dawo ba sai da aka kira shi.

A kan kwalta komai lafiya. Kwamanda na ɗaga wa mutane hannu, har waɗanda ba su gaishe shi ba. Suna sauka kan hanyar ƙasa mai gargada labari ya canja. Tayoyin da suka yi tauri kamar dutse ba sa shanye komai, duk ƙaramin tudu sai ya iso har haƙoran mutum. Ɓauna ta shiga tsalle, kiret suka amsa daga baya. Maman Kaji ta dafe ƙofa da hannu ɗaya, ɗaya kuma a ƙirji, ta roƙe shi don Allah ya rage gudu.

“Maman yara, bar wa masu abu abinsu,” ya ce, muryarsa na karkarwa saboda girgiza. “Gargada ba a lallashinta, hawanta ake yi. In kika ji tsoronta ta raina ki.”

Ya ƙara taka totur. Ba a jima ba wani ruwa mai yauƙi ya gangaro ta ƙarƙashin kujera ya taɓa mata ƙafa. Ta duba, rawaya ne. Ta ɗage ƙafar kawai.

Gaba kaɗan hanyar ta ratsa wani busasshen rafi, yashi fari fat daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kwamanda ya tsaya, ya ɗora madubin hangen nesa a ido ya ƙare wa rafin kallo, ko da yake mai jifa da dutse ma zai iya ƙetare shi. Ya sanar da cewa yau za ta ga dalilin da ya sa ake sayen taya mai haƙora. Ya sa giya ya faɗa da ƙarfi. Ɓauna ta kai tsakiya ta tsaya cak. Haƙoran nan da ake gogewa da buroshi suka kama aikin da suka iya, wato tono. Yana taka totur suna haƙa, yana ƙarawa suna ƙarawa, har cikin motar ya kwanta a kan yashi.

Ya fito ya zagaya ta, hannuwa a baya. Bai durƙusa ba, saboda farin wando. Ya ɗebi yashin ya murza a yatsa, ya yanke hukunci cewa wannan yashin ba na ƙa'ida ba ne, kuma da a ƙasar da aka san aiki ne da an sa alama. Sannan ya ce zai hau tudu ya nazarci yanayin wurin. Mu da muka san shi mun san neman inda waya za ta kama ya tafi.

Maman Kaji ta buɗe bayan motar. Kiret ɗin sama sun zama miya, na tsakiya rabi da rabi, ɓawo ya manne ko'ina. Rana ta take, lokacin ɗora tukunya na matsowa. Ta tsaya tana kallon wahalarta ta makonni tana ɗiga a yashi, hawaye suka zubo mata, daga baya kuma suka ƙafe, zuciya ta taso. Shekara da shekaru tana haɗiye jawabi, yau maƙogwaro ya ƙi. Ta dudduba me za ta yi wa mutumin nan da zai ji zafinsa har rai, sai idonta ya faɗa kan tayoyin, suna ta ƙyalli a cikin ramin da suka haƙa wa kansu.

Ta zare fil daga ɗankwalinta, ta tsuguna gaban ta farko ta danna bakin bawul. Iska ta yi tsaki ta fara fita. Ta ji kamar da baƙin cikinta take fita, don haka ta ba kowace taya rabonta, ba ta yi wa ko ɗaya rowa ba. Tana kan ta huɗu Kwamanda ya jiyo, ya gangaro da gudu, malafa a hannu, madubi na dukan ƙirjinsa.

“Kin kashe ni, Maman yara. Iskar da na tara da kunnena?”

Ya ga tayoyinsa sun yi tumbi sun baje a kan yashi, abin da bai taɓa bari ido ya gani ba. Cikin ruɗewa ya faɗa mota, wai ya fitar da su daga wannan wulaƙanci kafin wani ya zo wucewa. Don tausayin tayoyin ya kasa taka totur da ƙarfi. Ɓauna ta yi nishi, ta ɗaga, ta taka yashin a hankali ta haye gaɓa kamar ba ita ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don ita Maman Kaji ba ta san taya mai laushi ce ke tafiya a yashi ba, ramuwa kawai ta yi.

Ta biyo shi da ƙafa, ta shigo ta zauna. Kwamanda ya gyara murya.

“Abin da na hau tudu in lissafa ke nan,” ya ce. “Dabara ce ta manyan direbobin daji. Hannunki ne kawai ya riga nawa.”

Sauran hanyar ba ƙwai ko ɗaya da ya ƙara fashewa, amma wanda ya fashe ya riga ya fashe. Sun isa sansanin an kusa sauke tukunya. Shugabar kicin, wata ƙaƙƙarfar mace da ludayi a hannu, ta leƙa bayan motar ta yi salati. Maman Kaji ta ba da haƙuri, kunya kamar ta nutse, ta shiga tsince masu rai tana gogewa da gefen zanenta. Da ƙyar suka kai rabi. Kwamanda kuwa ya jingina da Ɓauna, farin wandon ya sha gwaiduwa, yana yi wa matar bayanin yadda ya ceto kayan da ilimin sarrafa iska, da yadda, da wani direban ne, da a rafi zai kwana.

Shugabar kicin ba ta ko dube shi ba. Ta fasa ƙwai ɗaya a kwano, ta ga gwaiduwar ta tsaya ɗas, ta gyaɗa kai. Ta ja Maman Kaji gefe, amma muryarta irin ta masu kiran ma'aikata cin abinci ce, ba ta san gefe ba.

“'Yar'uwa, ƙwanki mai kyau ne, kuma na ga ba laifinki ba ne. Ki kawo mako mai zuwa. Amma sharaɗi ɗaya, ki sallami wannan direban naki. Ga ɓarna, ga surutu.”

Kwamanda ya miƙe tsaye, ya gyara malafa, yana jiran matarsa ta gabatar da shi yadda ya dace. Maman Kaji ta dube shi daga malafa har takalmi, ta ajiye ƙwan ƙarshe a kiret.

“Yaya, da direba ne ai da tun a rafi na sallame shi,” ta ce. “Mijina ne.”