Ranar da Na Kama Injin Asibiti da Laifi

Na daɗe ina gyaran injin niƙa a Gafasa, daga ƙara kawai nake gane ciwon inji. Da ciwon ƙugu ya hana ni ruku'u, likita ya tura ni Kano hoton MRI, yana zargin kumburi a gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙugu.

Aka zura ni cikin injin, aka ba ni 'yar roba in matsa idan da matsala. Sai injin ya fara bugawa, gaf-gaf-gaf. Na kasa kunne. Ba shakka boris ɗin da ƙarfen injin ke juyawa a kai ne ya cinye. Na matsa robar.

Ma'aikaciyar da ke kula da injin ta shigo da sauri. "Baba, lafiya?"

"Ni ƙalau. Ku kashe injin nan kafin ya ƙone."

Ta dube ni, na dube ta.

"Haka kukansa yake, Baba. Yanzu sai mun sake daga farko."

An dai ga kumburin, amma har yau ban gane yadda lafiyayyen inji zai yi wannan kuka ba. Ƙanena da ya raka ni bai bar labarin a Kano ba. Yanzu duk mai kawo gyara sai ya ce, "Na asibiti ma bai gagare ka ba, balle wannan."