Shigar Albasa

Wani ne a birnin Kolon, yana son wata yarinya Wiebke kamar ya mutu. Uwarta kuwa, Frau Kessenich, ko inuwarsa ba ta son gani. Da Wiebke ta dame ta da magiya, sai tsohuwar ta ce, "To, ya biyo mu yawon jirgin ruwa a kogin Rhine. In ya iya zama cikin mutane har mu sauka bai ba ni kunya ba, sai ya zo da maganar aure."

Gogan ya rasa inda zai sa kansa don murna. Nan da nan ya buga wa tsohuwar waya.

"Mama, me zan sa a jirgin?"

"Ban haife ka ba. Watan Afrilu ne, kan ruwa ne. Safe sanyi, rana zafi, yamma yayyafi. Ka yi shigar albasa." Ta kashe.

Ko yaron goye a garin nan ya san shigar albasa: riga kan riga, in zafi ya taso ka rage, in sanyi ya dawo ka mayar. Shi kaɗai ne bai taɓa ji ba. Tambaya kuma ya ga zubar da girma ce. Sai ya zarce kasuwa wajen mai kayan miya, ya ɗauki albasa yana jujjuyawa.

"Baba, don Allah raba min ita biyu."

Mai albasa ya raba. Gogan ya ƙura ido, yana bin ɓawo ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Malam, miya za ka yi ko tela kake nema mata?"

"Ina mafi kyawunta yake?"

"Can ciki mana. Na waje ai shara ne."

"Shi ke nan, na gane," in ji gogan.

Ranar tafiya ya fara sa farar shat da nakataye da baƙin kwat, tunda su ne mafi kyau, sai can ciki. Ya ɗora singileti a kan kwat. Ya ɗora rigar barci. Ya bi da duk suwaitar da ya mallaka, har da wadda kakarsa ta saƙa masa. Wando kan wando. A ƙarshe ya rufe da wata tsohuwar rigar ruwa ruwan ƙasa, ya kafa hula mai tuntu a ka, don ya lura ita ma albasa tana da ɗan tsiro a sama.

Ya iso bakin kogi hannuwa a sanƙare, yana tafiya kamar an turo ganga.

Wiebke ta dafe ƙirji. "Ina akwatinka?"

"Ni ne akwatin."

Frau Kessenich ta dube shi daga tuntu har takalmi. "Jirgin ɗaukar kaya yana can gaba," ta ce, ta wuce.

A tsanin shiga ya maƙale. Ma'aikacin jirgi ɗaya yana ja ta gaba, ɗaya yana turi ta baya, har ya faɗo ciki fut.

Da hantsi kowa ya hau saman jirgi shan iska. Sanyi na kaɗawa, gogan yana ta washe baki. "Mama, kin gan ni? Ko ɗar ban ji ba."

"Ban haife ka ba."

Can rana ta ɓullo. Tsofaffi suka shiga tuɓe suwaita suna ratayawa a kujera. Gogan ya fara naso. Fuska ta yi jawur, gumi na ɗiga daga tuntun hula.

Wiebke ta yi masa raɗa, "Don Allah rage ko ɗaya."

"Kin taɓa ganin albasa ta ɓare kanta? Gwada ni uwarki take yi. Ni ba yaro ba ne."

Ana cikin haka sai ma'aikaci ya ɗaga murya, "Gada a gaba! Ruwa ya cika, ba sarari! Kowa ya zauna ya sunkuya!"

Kowa ya zauna. Gogan ya yi ƙoƙarin lanƙwasawa, gwiwa ta ce ba da ita ba.

"Malam, sunkuya!"

"A sunkuye nake! Ta ciki!"

Gada na matsowa. Ma'aikata suka taru suka kwantar da shi, suka mirgina shi gefe kamar darduma. Wani tsoho da bai lura ba ya zo ya zauna a kansa, ya buɗe jarida.

Da yamma aka kira liyafar kyaftin. A bakin zauren cin abinci mai tarbar baƙi ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, sai da kwat da nakataye."

"Suna jikina."

"Ina?"

"Can ciki. Na waje ai shara ne."

Bai jira ba, ya matsa ya shige har teburin Frau Kessenich, inda kyaftin da kansa yake zaune. Ya ce a ransa, ga lokacin ɓarewa ya yi. Ya cire rigar ruwa. Ya cire suwaita, ya cire wata, ya zare wandunan sama. Tsibin kaya ya taru a ƙasa har mai kawo miya ya yi tuntuɓe. Da aka iso rigar barci, matar da ke teburin kusa ta ajiye cokali. Da aka iso singileti, kyaftin ya tuna yana da aiki a sama.

Sai ga kwat ya bayyana, jiƙe sharkaf, yana tururi. Gumin wuni guda da aka toshe ya samu ƙofa. Warinsa ya bi zauren tebur tebur. Mai kiɗan piyano ya yi tari ya tsaya. Ko'ina sai jan hanci da goge ido.

Gogan ya waiga, ya ga Wiebke da hankici a fuska. Ya dubi Frau Kessenich, ya ga hawaye na bin kumatunta shar shar. Zuciyarsa ta yi fari tas. Ashe tsohuwar nan tana da tausayi. Yanzu da gwiwa ta samu 'yanci, sai ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta da tafinsa mai danshi.

"Mama, daina kuka, ni ma kin kusa sa ni. Kin ce in zama albasa, ga ni na zama. Yanzu me kika ce?"

Frau Kessenich ta zare hannunta, ta goge a jikin tebur, ta yafito mai kawo abinci.

"Bawan Allah, kwashe wannan ka mayar kicin. Ka ce wa kuku ta ruɓe."