Ranar da Na Rina Amarya

Ko me zan manta a zamana na Amurka, ba zan taɓa mantawa da daminar da na je na tarar a tsibirin Trinidad ba. Har yau in ta faɗo mini a rai sai kunnuwana su ɗau zafi, ko da kuwa ina tsaye ne a tashar jirgin ƙasa ta Greenbelt, ƙanƙara na zuba.

Lokacin ina karatun digiri na biyu, ina zaune a wani ɗan gida na haya. Maƙwabciyata Nadira 'yar Port of Spain ce, babban birnin tsibirin. Musulma ce, ma'aikaciyar jinya, mai dariyar da ake ji tun daga matakala. A ɗakin injinan wanki muka haɗu, ta same ni na ƙura wa injin ido kamar zai yi mini bayani da kansa. Daga ranar ta mai da ni ƙanwa. Ita ta kai ni asibiti da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ke ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwano a hannu lokacin buɗe-baki. Ba ta kiran sunana. "Kano" take ce mini, ni kuma in amsa kamar ni ce garin gaba ɗaya.

Da aka sa aurenta a watan Yuli, can gida, ta ce ko da rarrafe sai na je. Ta kuma ba ni labarin rigar da za ta sa ranar walima. Farin leshi ne, kakarta ta ɗinka da hannu. A ciki mahaifiyarta ta yi aure, yanzu ita za ta sa, ƙanwarta Aliya kuma tana jiran nata lokacin. Duk sanda ta zo kan zancen rigar nan sai muryarta ta yi ƙasa. Ni kuwa har da ƙwalla (ni fa ko tallar sabulu aka sa wa kiɗa mai taushi sai idona ya cika).

"Amma ki saurare ni, Kano," in ji ta. "Yuli damina ce a wurinmu. Ki ɗauko kaya marasa nauyi, auduga zalla, ki haɗa da lema. Ruwanmu ba ya sallama."

Na yi irin murmushin wadda ake biya wa karatun da ta riga ta haddace. Ni za a gaya wa damina? Ni da na tashi ina jiran ta kamar baƙuwa mai tsaraba? A gida, bayan bazara ta gama gasa mu, sai wata la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, ƙofofi su yi ta bugawa, Umma ta leƙo tana kiran a kwashe shanya. Sai an gama duk wannan hidima sannan ɗigon farko ya sauka, ƙasa ta saki ƙamshinta. Bayan nan gari ya yi luf, a dafa gyaɗa, a kwana da mayafi. A kaina damina da sanyi-sanyi abu ɗaya ne, ko a wace duniya.

Don haka na buɗe akwati na zuba rigunan sanyi, da safa, da wani mayafi mai kauri da nake hango kaina na yafa a bakin teku, iska na kaɗa gefensa. Lema kuwa na ɗauka na juya ta, na mayar bayan ƙofa. Me zan yi da ita? Ai hadari sai ya haɗu kafin a yi ruwa, duk mai ido zai samu wurin fakewa.

Sai uwa uba, shaddata. Umma ce ta aiko mini da ita daga Kano musamman don bikin. Rinin baba ce ta marina, an kai ta gun mabuga sun buge ta har tana walƙiya kamar wuyan tattabara, an yi mata aiki a wuya da hannuwa. Ban taɓa sa ta ba. In na buɗe ledarta ƙamshin gida ke tashi. Na ƙudura cewa ranar walima mutanen tsibirin nan za su ga abin da ake kira shiga.

Ƙarshen makon da zan tafi na kai ta Upper Marlboro don in nuna wa Anti Rabi, ƙanwar Umma, wadda ita ce uwata a ƙasar nan. Ta murza gefen shaddar da yatsa, ta kalli yatsan, ta kalle ni.

"Kin wanke ta?"

"Haba Anti, in na wanke ai ƙyallin ya tafi."

"To ƙyalli za ki je yi ko biki? Ke ko a gida, wa kika taɓa gani ya sa sabon baba ya shiga ruwa?"

"Ai ba ruwa zan shiga ba, Anti. Zaure zan shiga."

"Madalla. Allah ya tsare hanya, Malama mai mafarkin ido biyu. Ki dai duba intanet ki ga yadda garin yake kafin ki je ki kunyata mu."

Na kuwa duba. Na daɗe ina kallon hotunan teku da faɗuwar rana da itatuwan kwakwa. Shafin da ke bayanin yanayi ban ko buɗe shi ba.

Ina fitowa daga filin jirgin tsibirin na san akwai magana. Kamar an ɗage murfin madambaci an tura fuskata ciki. Tabarauna ya yi hazo nan take. Zafin Kano mai gaskiya ne, ya ƙona ka ya busar da kai. Wannan kuwa rungume mutum yake yi, ya jiƙa shi, ya ƙi saki. Tawul ɗin da na shanya a masauki har washegari yana nan da danshinsa. Amma na ce wa kaina ba komai, da zarar an yi ruwa gari zai huce. An yi ruwan. Garin ya ƙara tururi.

Ranar biki aka ɗaura aure da safe a masallaci, na je da atamfa, lafiya lau. Walima kuma da rana ce, a wani zaure a gefen tsauni. Na yi wanka, na fito da shaddata, na ɗaura ɗankwali, na tsaya gaban madubi har sai da na ji tausayin sauran matan da za su zo. Tasin da na shiga ba ta da na'urar sanyaya iska. Kafin mu fita daga cikin gari gumi ya fara bin bayana kamar tururuwa.

Direba ya sauke ni a ƙofar harabar, akwai 'yar tafiya zuwa zauren. Rana tana nan tar. Ba baƙi a gabas, ba iska, ba cida. Na yi taku kaɗan ke nan sai kawai aka kwance sama, kamar an juye mini baho a ka. Kowa ya buɗe lema, kamar da ma a hannu aka haife su da ita. Ni kuwa (a nan ne nake so ƙasa ta tsage) ban ruga ba. Tsayawa na yi, na ɗaga fuska, na lumshe ido, wai ina neman ƙamshin ƙasa. Da na ga ba ya zuwa sannan na tattara zanina na shiga.

Ina shiga ido ya yo kaina. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Yara suna nuna ni. Na ce a raina, to, ga shi nan, Kano ta iso. Na ƙara gyara tafiya. Ban san cewa wuyana da hannuwana sun riga sun koma shuɗi ba, har wani layi yana gangarowa daga ƙarƙashin ɗankwali zuwa kumatuna.

Nadira tana can gaba, mai hoto yana shirya su, ba a ɗauki ko ɗaya ba tukuna. Rigar kakarta ta fi yadda ta kwatanta kyau, fara sol, kamar a hura ta tashi. Tana hango ni ta yi ihu, "Kano!" ta ware hannuwa. Na ji mahaifiyarta ta ce wani abu da sauri, amma na riga na isa. Na rungume ta. Ba irin rungumar nan ta gefen kafaɗa ba, a'a, ta gaske, irin ta wadda ta tsallako teku. Na kwantar da kaina a kafaɗarta, na yi kukana, na daɗe.

Da muka saki juna sai na ga kowa ya zuba wa rigar Nadira ido.

Ina nan a jikin rigar. Gaba ɗayana. Ƙirjina, kumatuna a kafaɗa, har zanen aikin wuyan shaddar ya fito raɗau kamar an buga hatimi. Da ta juya, ga tafukan hannuna biyu a bayanta, yatsa bayan yatsa. Aliya ta toshe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa.

Mai hankali da sai ya ja da baya. Ni sai na cafko gefen jiƙaƙƙen gyalena na hau goge mata, ina cewa yanzu zai fita. Inda duk na goga, shuɗin sai ya ƙara faɗi. Sai kuma bakina ya buɗe da kansa, na ji ina cewa, da Turancina mai kyau na 'yar jami'a:

"Asalin baba ne fa. A wurinmu in yana zuba haka, alama ce ta mai kyau ne."

Wallahi haka na ce. A gaban ango, a gaban dangi, a gaban rigar da aka adana tun kafin a haife ni.

Mahaifiyar Nadira, Mama Farida, ta matso. 'Yar ƙaramar mace ce mai farin gashi a goshi. Ta kalli rigar ta daɗe, sannan ta kalle ni.

"Lallai mai kyau ne," ta ce a hankali. "Yanzu don Allah, 'yata, mai da hannuwanki baya. Kada ki taɓa kowa."

Haka na bi wata gwaggonsu zuwa bayan zaure, hannuwa a baya kamar an kama ɓarauniya, mata suna janye siket ina wucewa. Aka samo mini wata rigar auduga mai manyan furanni, ta ɗaya daga cikin masu girki, wadda za ta ɗauki biyuna. A ciki na ci bikin, a kujerar can ƙarshe da aka shimfiɗa wa tawul. (Abin da ya fi ba ni haushi, rigar nan daɗi gare ta. Tun da na sauka a garin sai lokacin iska ta taɓa jikina.) Daga inda nake ina hango Nadira tana ɗaukar hoto, ta ɗaga furanninta har kusan haɓa, ango kuma ya tsaya a bayanta ya ƙi matsawa ko nan da can.

Washegari na tafi gidansu ban haƙuri. Na tarar da Mama Farida a bayan gida, ta jiƙa rigar a baho, tana murza ta da yatsu biyu kamar mai wanke jariri. Ban san sanda na durƙusa ba, gwiwa biyu a ƙasa, kaina a sunkuye, yadda zan yi wa Umma. Su kuwa ba su san wannan ba. Aliya ta yi ihu wai na suma, Nadira ta taho da gudu ta kama wuyan hannuna tana duba bugun jini.

"Ba suma na yi ba," na ce. "Haƙuri nake bayarwa."

Nadira ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da dariya, tana yi tana share hawaye, kuma ban iya rantsewa duk hawayen na dariya ne ba. Mama Farida ba ta yi dariya ba.

"Tashi," ta ce. "Na ji zafi. Gobe ma zan ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma 'yata ta ce ke ce danginta a can ƙasar sanyi. Tashi ki wanke hannu, a zuba miki abinci. Ki wanke sosai."

Da na dawo, Anti Rabi ce ta je ɗauko ni.  Sai da muka hau babban titi ta miƙo hannu ta lanƙwasa kunnena, ta leƙa bayansa.

"Wa kika rina?"

"Amarya, Anti."

"Inna lillahi." Kafaɗunta suka fara rawa. "Duka, ko gaba kawai?"

"Har baya."

Sai da ta gangara gefen titi ta tsaya, don dariya ta hana ta tuƙi.

Tabon bai fita ba. Ya dai dushe, ya koma launin sararin sama bayan asuba, amma yana nan. Aliya a rigar kanti ta yi aure. Wannan shi ne abin da ban iya mai da shi abin dariya ba har yau. Da lokacin nata ya zo, Nadira ta kira ni daga Germantown, nan Amurka, inda suka koma da mijinta.

"Mama ta ce a gaya miki ki zo," in ji ta. "A Fabrairu aka sa, lokacin rani, ba ruwa. Ta ce ba don ke aka zaɓi watan ba, amma an ambaci sunanki. Ta kuma ce kafin ki rufe akwati ki kawo mini in duba."

Na kai mata, ta zazzage shi a tsakar falo, ta cire rabi.

Tun daga nan, in wani ya ce mini ana damina a garinsu, ba na gyaɗa kai kamar na gane. Tambaya nake yi, ku me kuke sawa? Amarya kuwa, ko ƙanwata ce, daga nesa nake ɗaga mata hannu.