Rasuwar Tara-Gida, Babban Tiren Gidan Maman Lawali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kwana tara ke nan ta ƙi zama wuri ɗaya, ni mai gida, Maman Lawali na unguwar Nuzla a Jidda, tare da mai ɗakina Hajiya Aissa, da ɗanmu Youssouf, da 'yarmu Safia, da mijinta Badr, muna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar babban tirenmu na cin abinci, wanda aka fi sani da Tara-Gida. Ya rasu yana da shekara talatin da shida, a kan wani dutse a ƙasar Turkiyya.

Marigayin ya shigo gidanmu shekarar da muka sauka daga Damagaram, tun ba mu samu iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Yana ɗaukar hannu goma sha ɗaya ba tare da wani ya ture wani ba. Ya ɗauki tuwo, ya ɗauki shinkafar Bukhari, bai taɓa nuna bambanci ba. Babbar baiwarsa ita ce murya. Idan Hajiya ta bugi gefensa da ludayi, ƙwan, ƙwan, ƙwan, kowa sai ya wanke hannu. Bayan yara sun koma unguwar Safa, kowa da gidansa da ƙananan farantansa, jikoki kuma suna amsa Hausata da Larabci, ta waya Hajiya take buga musu shi kowace Juma'a. Kuma suna zuwa.

Ga yadda ajali ya riske shi. Youssouf ya kai mu hutu domin mu ga dusar ƙanƙara da idonmu. Hajiya ta rantse ba za ta ci a farantin otal ba, ta ɗaure marigayin cikin zane. Ashe mun yi sammako, sanyi bai kankama ba. Ƙanƙarar kamar an barbaɗa gari a tabarma, ciyawa da duwatsu suna leƙowa. An rufe hanyoyin zamiya duka sai guda, ita ma layinta ba a ganin ƙarshensa. Masu hayar katakon zamiya suka dubi furfurata, suka hana ni. Na wuni ina kai da komo, daga benci zuwa shinge, daga shinge zuwa benci.

Bayan azahar muka ci dambu a kan marigayin. Badr, cikin raha, ya ce Baba ya baro Jidda takanas domin kallon takalman mutane. Maganar ta yi mini zafi. Na goge tiren tas, na hau tudun da ke bayan ɗakin shayi, na yi bisimilla, na zauna a cikinsa. Muna yara mun sha yin haka a tudun rairayi. Abin da ban sani ba, rairayi yana da zurfi, wannan farin kuwa mayafi ne kawai.

Ya tafi da ni cikin ladabi, shuuu, kimanin taku talatin. Sai ƙarrr. Sai gwaram. Dutse ya tsaga shi daga tsakiya har baki. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, shi ya karɓa a madadina. Da muka dawo, wani maƙeri a unguwar masana'antu ta Jidda ya ƙwanƙwasa shi sau uku, bai amsa ba, maƙerin ya ce halas, wato ta ƙare.

Ya rasu ya bar ludayi ɗaya, da kwanon miya biyu, da babbar tukunya. Ya bar Hajiya, wadda har yau ba ta ce mini uffan ba. Juma'ar da ta wuce ba a buga komai ba. Safia ta aiko da saƙo, Youssouf ya ce aiki ya riƙe shi. Na ci abincina a faranti mai faɗin hula, na tashi na leƙa ƙofa sau huɗu.

Za a yi jana'iza Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, a gidanmu na Nuzla. Za a rataye marigayin a bango, daidai inda yake fuskantar kujerata. Za a shimfiɗa leda ɗaya a ƙasa, a juye shinkafa a tsakiya. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Wanda ya zo da faranti ya bar shi a bakin ƙofa tare da takalmansa. An yafe wa Badr, ya zauna kusa da ni.

Babu abin da za a buga, wannan takarda ita ce kiran. Da furfura na koyi rubutu. Inda na yi kuskure a gyara mini, amma mai gyara ya zo da ƙafarsa, ya wanke hannu, ya faɗa mini muna cin abinci.