Injiniya Tasi'u da Famfunan Jami'a

Kwana biyar ke nan ko tuwo ba na jin daɗinsa. Magana ce cike da cikina, na rasa wanda zan faɗa wa.

Tasi'u mijin ƙanwata Larai ne. Duk unguwa Injiniya ake ce masa. Ba ya buɗe baki sai ya ce, "Lokacin da muke jami'a..." Shekara huɗu ya yi a can, in ji shi, har gobe malaman suna kewarsa.

To, 'yata Badariyya za ta cike takardar shiga jami'a, Juma'a ake rufewa, ta kasa zaɓa tsakanin karatun haɗa magunguna da na gwajin jini. Malamarsu ta ce ta je ta gani da idonta, ta yi tambayoyi. Ni da na tsaya a firamare, me na sani? Sai Tasi'u ya bugi ƙirji, dam!

"Yaya, kwantar da hankalinki. Ko ido a rufe zan zagaya da ku."

Muka tafi. Badariyya riƙe da littafinta, tambaya goma sha biyu ta rubuto. Shi kuwa ya ci babbar riga, sitaci har ƙara yake, ƙaras-ƙaras.

"Baba Tasi'u, ina ɗakin gwaje-gwaje?"

"Muna zuwa. Kin ga famfon can? Da asuba kawai yake kawo ruwa. Rubuta."

Ta rubuta.

"Laburare fa?"

"Yana nan, ba ya gudu. Wannan wayar kuma, kar ki kuskura ki yi shanya a kanta, tsatsa gare ta."

Awa biyu cur! Famfo bakwai muka gani da rijiya ɗaya. Ƙafata har ta kumbura. Na ce a raina, ashe injiniyan ruwa ne. Yarinya kuwa ido ya cika da hawaye, ko tambaya ɗaya ba a amsa mata ba.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo mai tabarau ya fito daga mota, ɗalibai na ta "Sannu Farfesa." Tasi'u ya yi wuf ya koma bayana.

"Yaya, mu bi ta can, nan akwai rana."

"Tasi'u! Tasi'u mai guga!"

Dattijon nan ya rungume shi ƙam. "Hajiya, naku ne? Shekara huɗu yana mana wanki da guga a bayan ɗakunan kwanan ɗalibai. Tun da ya tafi ban ƙara sa rigar da ta tsaya ba." Ya shafa hannun babbar rigar. "Kin gani? Hannun nan bai mutu ba!"

Zufa ta karyo wa Tasi'u, sharkaf. "Ranka ya daɗe, ai... ai yanzu an ci gaba."

"Madalla! An bar dutsen guga na gawayi ke nan, ka sayi na lantarki?"

Badariyya ta cusa mayafi a baki. Ni na ƙura wa ƙasa ido.

Allah ya saka wa Farfesa. Shi ya kai yarinya har ɗakin gwaje-gwajen, ya haɗa ta da ɗalibai mata, ta yi tambayoyinta kaf, ta fito ta ce magunguna za ta karanta. Za mu tafi, sai ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani ƙulli.

"Jibi ina da taro, Tasi'u."

Wallahi kafin Injiniya ya ankara, hannunsa ya karɓa, bakinsa ya fara lissafi: "Riga uku, wando uku, hula..."

Haka muka shiga mota, ƙullin wanki a cinyarsa.

Da yamma Larai ta kira ni. "Yaya, an gane Injiniya kuwa?"

Na ce, "Sosai ma. Har Farfesa ya rungume shi."

Yanzu ta cika unguwa da labari, har ta ba da ɗinki, wai ranar da za a kai Badariyya da ita za a je, ta gaida Farfesan mijinta. Jama'a, don Allah ku ba ni shawara: in faɗa mata tun a gida, ko in bari Farfesa ya miƙa mata ƙulli?